Dutsen Murhu na Uku

Kai da ka buɗe littafin nan, ko ke, rufe shi ka mayar ƙarƙashin zannuwana inda ka same shi. Karanta abin da ba a miƙa maka ba rashin tarbiyya ne. In kuwa ka ƙi ji, to ka kai ƙarshe. Kada ka tsaya a tsakiya ka fita kana ba da labarin abin da Mbanengen matar Iorver ta yi wa ɗanta. Ni ma na san abin da na yi. Ban yi ƙarya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Litinin, 1 ga Agusta, da yamma

Ɗana Terzungwe ya dawo. A babur aka kawo shi daga tashar Gboko, mai babur ɗin ya ɗaure shi a bayansa da zane kamar goyo. Ina feren doya a ƙofar kicin. Ban gane shi ba sai da ya ce, "Mama."

Babansa ya jefar da fartanya ya ruga. Ni ban tashi ba. Na ce wa Ngunan, autata, ta share ɗakin da ke kusa da rumbu.

Abin da ya yi a Makurdi ba zan rubuta shi ba. Dattawan coci sun sani. Sun sa shi a horo, aka karanta sunansa a gaban jama'a, aka hana shi jibin Ubangiji, gurasar tarayya ta coci, har sai ya tuba. Maimakon ya zauna a bencin baya ya ɗauki kunyarsa kamar kowa, sai ya bar gari. Na ce a lokacin dattawa sun yi daidai. Yau ma haka na ce.

Wuyansa ya zama kamar na zakara.

Laraba, 3 ga Agusta, da hantsi

Kumashe, ƙanwar maigida, ta zo da kaza a hammata, tana warin burukutun da take dafawa.

"Matarmu, ɗanki ya dawo, kin ɗaure fuska kamar mai karɓar haraji? Ungo, yanka masa."

Na ce, "Kaza ta wanda ya tuba ce."

Ta ce, "To ba shi romon, ki riƙe cinyar har ya tuba."

Terzungwe ya ji daga ɗaki, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Gwaggo, ki roƙa mini ko wuyan ne." Na yanka kazar. Ba don maganarta ba.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan cin abinci

Dokar gidana ba ta canza ba don wani ya dawo. Kafin a sa hannu a sakwara, kowane yaro sai ya amsa tambaya ɗaya daga cikin tambayoyin coci. Wanda ya kasa, ya zauna da yunwarsa har ya tuna. Haka na rene su duka, haka nake yi wa jikokin da ke hannuna.

Ngunan za ta tsaya gaban dattawa a watan gobe ta furta bangaskiyarta, don haka na ba ta babbar: mece ce bangaskiyar da ke ceto? Ta amsa ba gargada. Duwatsun murhu uku ne, haka nake koya wa yaran ajina a coci. Na farko sani, ka san wane ne Yesu da abin da ya yi a kan gicciye. Na biyu yarda, ka yarda gaskiya ne. Na uku dogara. In ɗaya ya kauce, tukunya ta kife.

Yayanta ya fi ta iyawa a lokacinsa. Yana ɗan shekara tara yana faɗa har da kwaikwayon muryata.

Litinin, 8 ga Agusta, da rana

Asibiti. Likita ya ja maigida gefe. Sun ba mu magani, sun ce mu koma gida.

Talata, 9 ga Agusta, da safe

Na tambayi maigida abin da likita ya ce. Ya ce, "Maman Ter, doyar gonar rafi ta isa tono." Ya ɗauki hularsa.

Asabar, 13 ga Agusta, da yamma

Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ba ya son babansa ya kai shi bayan gida, kunya yake ji, ni yake kira. In sa hannunsa a wuyana, in riƙe ƙugunsa, mu ratsa tsakar gida.

Yau ya ce, "Mama, kin tsufa amma kafaɗarki katako ce."

Na ce, "Rufe bakinka ka taka ƙasa."

"Ƙafafun sun yi ritaya, ba ki ji sanarwa ba?"

Ba ya taimaka mini ko kaɗan. Sakin jikinsa yake yi gaba ɗaya, kansa a kafaɗata, idonsa a rufe. Ko duban hanya ba ya yi. Na ce masa wata rana zan zame mu faɗi tare. Ya ce, "Ba za ki zame ba."

Lahadi, 14 ga Agusta, bayan sujada

Matan zumuntar coci sun gaishe ni da ya mai jiki, kowace tana kallon takalminta. Fasto Gbande ya tafi taron fastoci a nesa, sai ƙarshen wata. Dattijo Ubwa ne ya yi wa'azi.

Na ce wa Terzungwe zan kira dattawa su zo ya tuba a gabansu, a ɗage horon.

Ya ce, "Bari in ɗan samu ƙarfi. In na tuba a kwance za su ce tsoro ne."

Na ce, "Ba tsoron ba ne?"

Ya juya fuskarsa bango. Tambayar daidai ce. Uwar da ba ta tsorata wa ɗanta wuta ba, ba ta ƙaunarsa.

Laraba, 17 ga Agusta, da hantsi

Kunu kawai yake iya haɗiya. Sabuwar doya ta shigo gida, bai ɗanɗana ba.

Juma'a, 19 ga Agusta, da rana

Yau na ga ba sauran jira. Na kori Ngunan waje, na zauna a bakin gadonsa, na ce, "Terzungwe, zan tambaye ka. Mece ce bangaskiyar da ke ceto?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Mama, duwatsun sun zube mini. Na manta."

Ya ƙara wata magana, amma ba amsar ba ce. Na ce, "Ba daidai ba. Sake."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Za ki hana ni sakwara?"

Na ce, "Ka yi tunani. Zan dawo." Na fita na ɗora doya.

Da na dawo da kwano yana barci.

Asabar, 20 ga Agusta

Ya tafi da hantsi. Ana ruwa.

Litinin, 22 ga Agusta, da yamma

Dattawa sun zo, an zauna a rumfar tsakar gida. Ƙa'idar coci kowa ya san ta: wanda ya mutu yana cikin horo, ba a buga masa ƙararrawa, mawaƙa ba sa zuwa, matan zumunta ba sa ɗaura zanensu iri ɗaya. Sai dai in akwai shaidar cewa ya furta bangaskiya kafin ya cika.

Dattijo Ubwa ne ya riƙe Terzungwe ranar da aka yi masa baftisma. Ya dube ni idonsa jajur ya ce, "Malama, ke ce a kansa. Maganarki ta ishe mu. Yaron nan ya furta?"

Na ce, "Na tambaye shi. Bai iya amsa ba."

"Bai ce komai ba? Ko kalma?"

Maigida yana kallona. Ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba, kamar mai roƙon bashi.

Na ce, "Ya yi wata magana, amma ba amsar ba ce."

Dattijo ya jira. Na gyara ɗaurin kallabina. Ya sa hularsa, ya ce, "To, Allah ya ba mu haƙuri."

Ba su kai bakin hanya ba Kumashe ta taso mini. "Matarmu, da kin ce e, bakinki zai ruɓe ne? Mutum ya buɗe miki ƙofa har da taga!"

Na ce, "Ba a yi wa Allah ƙarya a kan gawa."

Ta ce, "Wa ya ce ki yi wa Allah? Ubwa ne ya tambaye ki."

Ban yi ƙarya ba.

Laraba, 24 ga Agusta, da faɗuwar rana

Mun binne shi bayan gida, kusa da itatuwan lemo. Babansa ya fito da zanensa mai ratsin baƙi da fari, wanda ya ajiye don ranar da za a binne shi kansa, ya lulluɓe shi. Mutane sun zo da dama, a kayan gida, kamar masu zuwa aron gatari. Maigida ne ya yi addu'a, muryarsa ta karye a tsakiya, ya ce amin bai gama ba.

Sai Kumashe ta ɗauko waƙar coci. Ita da rabonta da coci tun auren babbar 'yata. Layin farko kaɗai ta sani. Ta rera shi, ta sake rerawa, tana waige ko wani zai karɓa. Ba wanda ya karɓa. Kowa ni yake kallo.

Na san waƙar daga farko har ƙarshe. Ni na koya wa rabin mutanen wurin.

Ƙa'ida ƙa'ida ce.

Alhamis, 25 ga Agusta, da safe

Kafaɗata ta dama tana ciwo. Babu abin da na ɗauka.

Juma'a, 26 ga Agusta, bayan cin abinci

Maigida ya daina ci a rumfa. Ya ɗauki kwanonsa ya tafi gindin lemo. Ba ya mini faɗa. Da ma ya yi.

Na tara yara kamar kullum, domin mutuwa ba ta soke tarbiyya. Na zo kan Ngunan: mece ce bangaskiyar da ke ceto?

Ta ce, "Ban sani ba."

"Kin sani."

"Yaya ma ya sani."

Na ce ta tashi daga bakin kwano. Ta tashi, ba hawaye, ta ce, "Mama, gaban dattawan ma ba zan je ba. In Yaya ya faɗi jarrabawar, ni ba na son in ci."

Yaran yanzu ba sa tauna magana kafin su tofar.

Asabar, 27 ga Agusta, bayan cin abinci

Yau ma ba ta amsa ba. Yau ma ba ta ci ba. Na ga Kumashe ta miƙa mata gasasshiyar doya ta bayan rumbu, na yi kamar ban gani ba.

Ban yi ƙarya ba. Na rubuta wannan sau nawa ne?

Lahadi, 28 ga Agusta, da rana

Yau zan rubuta.

Na je ajina. Mutane sun ce in huta, na ce aikin Ubangiji ba ya makoki. Darasin duwatsun murhu ne ya zagayo. Na ce wa yara abin da na saba faɗa tun ina amarya a garin nan. Na ce shaiɗan ma yana da dutse na farko, ya san Yesu sarai. Yana da na biyu, ya yarda gaskiya ne, shi ya sa yake rawar jiki. Abin da ba shi da shi na uku ne. Wata yarinya ta ce, "Malama, mece ce dogara?"

Na ce, "Dogara ita ce ki daina tsayawa da ƙafarki, ki sakar masa nauyinki duka."

Da kunnena na ji bakina ya faɗa. Na tsaya. Yara suna jira. Na ce su tashi, an gama.

Ga maganar da ya ƙara ranar Juma'ar nan, wadda na ce ba amsa ba ce. Zan rubuta ta yadda ya faɗa.

"Mama, duwatsun sun zube mini. Na manta. Hannuna ba komai, kin fi kowa sani. Ni dai na sakar wa Yesu nauyina, kamar yadda nake sakar miki in za ki kai ni bayan gida. In ya kauce, na faɗi. Amma ba zai kauce ba."

Ni kuma na ce, "Ba daidai ba. Sake."

Ina jiran in ji sani, yarda, dogara, a jere, yadda na jera su. Da na ji ya sa bayan gida a cikin maganar Ubangiji, kunnena ya toshe. Yaron yana zaune a kan dutsen, ni ina tambayarsa sunan dutsen.

Litinin, 29 ga Agusta

Ban fita ba.

Laraba, 31 ga Agusta, da yamma

Fasto ya dawo. Na same shi yana wanke babur ɗinsa, na faɗa masa duka a tsaye. Yaro ne, sa'an babbar 'yata. Ya ajiye tsumman ya ba ni kujera.

Na ce, "Fasto, ba ta'aziyya na zo nema ba, gaskiya nake so. Bai tuba gaban dattawa ba. Bai gyara abin da ya ɓata a Makurdi ba. Bai yi aikin kirki ko ɗaya ba bayan maganar nan, washegari ya mutu. Wannan ta isa?"

Ya ce, "Mama, ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, ajin wa ya shiga?"

Na ce, "Kada ka yi mini wa'azin da na koyar kafin a yaye ka."

Ya ce, "To ai shi ke nan, kin sani."

Na ce ba ta isa haka ba. Bangaskiyar gaske tana haifar da ayyuka, kowa ya san wannan. In ba haka ba kowane ɗan iska sai ya sheƙe ayarsa, ya jira gadon mutuwa.

Ya ce, "Haka ne. Da ya rayu, da mun jira mu ga 'ya'yan itacen, kuma da ni da kaina zan tura shi Makurdi. Amma ba 'ya'yan ne ke riƙe da itacen ba. Makullin sama ba ya hannuna, ba ya hannun dattawa, ba zan rantse miki a kan zuciyar kowa ba. Abin da zan ce, wanda ya ce hannunsa ba komai, ya san shi mai zunubi ne. Wanda ya ce ba zai kauce ba, ya san wanda yake magana a kansa. Ko a bakinmu, Mama, ba a cewa mutum ya haddace gaskiya. Cewa ake ya ba da ita."

Na ce, "To a buga masa ƙararrawa."

Ya ce, "Sai dattawa sun ji daga bakinki."

Juma'a, 2 ga Satumba, da hantsi

Na tsaya gaban dattawa, a wurin da masu horo ke tsayawa. Ba su ce in tsaya nan ba. Na maimaita maganar ɗana, har da bayan gidan, ban rage ba.

Dattijo Ubwa ya cire tabarau. Ya ce, "Malama, ai na tambaye ki. Na ce ko kalma."

Na ce, "Ka tambaya, Baba. Ni ce na tace."

Wani dattijo ya ce ba a taɓa buga ƙararrawa bayan an rufe kabari ba. Ubwa ya ce, "Ba a taɓa samun shaidar da ta makara haka ba." Aka yi ta ja. A ƙarshe suka ce Lahadi.

A hanyar gida na faɗa wa maigida, yana kaftu a bakin rafi. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Maman Ter, da ni kika faɗa wa a ranar." Ya koma kan aikinsa. Na wuce gida.

Lahadi, 4 ga Satumba, da yamma

An buga. Bayan sujada jama'a suka biyo Fasto har gindin lemo, matan zumunta cikin zanensu. Ciyawa har ta fara fitowa a kan ƙasar. Kumashe ta matso kusa da ni ta ce, "Matarmu, yau ma ni zan ɗauko, ko za ki buɗe bakin nan?"

Na ɗauko. A baiti na biyu murya ta ƙi. Ngunan ce ta karɓa.

Mutane sun ce an yi kyau, an wanke sunansa. Sunansa ne ya ji ƙararrawar. Shi abin da ya ji na ƙarshe daga bakin uwarsa, "Ba daidai ba, sake," da "zan dawo." Wannan ba dattijon da zai ɗage shi. Na roƙi Ubangiji, in ya yarda, ya faɗa wa ɗana amsarsa daidai ce, ya ci. Ban san ko ana irin wannan roƙon ba. Ba ya cikin tambayoyin coci.

Na lura da wani abu a addu'ata. Duk shekarun nan a tsaye nake zuwa gabansa, da amsoshina a hannu. Na san dutse na uku kamar sunana. Ban tabbata na taɓa zama a kansa ba.

Talata, 6 ga Satumba, bayan cin abinci

Maigida ya dawo rumfa da kwanonsa. Na matsar masa da kujerarsa.

Na tara su duka, har Kumashe da ta zo aron rariya, na faɗa musu sabuwar doka. Kada kowa ya ɗauka na yi laushi. Tambaya tana nan kowace yamma, ba mai tsallake ta, kuma Ngunan za ta je gaban dattawa ta amsa a jere yadda aka koya mata, domin sani ba abin wasa ba ne.

Amma daga yau a gidan nan, ci ne farko, tambaya daga baya. Ba za a ƙara sayen sakwara da amsa ba. Wanda ya manta kalmomin, ya faɗa da bakinsa yadda ya iya. Ni kuma ba zan ce "ba daidai ba" sai mai magana ya kai ƙarshe, na kuma kwana da maganarsa.

Sai na juya na ce: Ngunan, sa hannu. Miya tana hucewa.